U-505: Daga Hamburg Zuwa Shikago

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku, ko da guda ɗaya. Jamusawa sun sa hannu, amma sana'ar ba su sake ta ba. A 1922 suka kafa wani kamfani a ƙasar Holan, inda injiniyoyinsu suka ci gaba da zana wa wasu ƙasashe irin waɗannan jirage don kada hannu ya manta. Shi ya sa da Birtaniya ta sassauta wa Hitler a watan Yunin 1935, ba a cika mako biyu ba jirgi na farko, U-1, ya kama aiki. Karl Dönitz aka danƙa wa ayarin farko. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, jirage 57 ne kacal a hannunsa, shi kuwa 300 yake nema.

Cikin wannan gaggawar cike giɓi aka ƙera U-505. An soma aikinsa a masana'antar Deutsche Werft da ke Hamburg ranar 12 ga Yunin 1940, a watan da Faransa ta faɗi, tashar Lorient da za ta zama gidansa ta koma hannun Jamus. Samfurin IXC ne, mai cin dogon zango, tsawonsa ya kusa mita 77. Ranar 26 ga Agustan 1941 ya shiga aiki ƙarƙashin Axel-Olaf Loewe.

A farkon 1942 aka tura shi tekun Afirka ta Yamma, kusa da Freetown ta Saliyo. A nan jiragen kaya suke haɗuwa kafin su nufi Ingila cikin ayari, kuma gyaɗar Kano da kuzar Jos suna cikin kayan da ke bin wannan hanya. Jirage huɗu ya nutsar a fitar nan: Benmohr, Sydhav, West Irmo da Alphacca. Ya ƙara uku a fitarsa zuwa yankin Karibiyan, na ƙarshensu wani ƙaramin jirgin filafilai ne na Kolombiya, wanda ba shi da hannu a yaƙin kowa. Ciwon afendis ya kama Loewe, aka sauke shi, aka kawo matashi Peter Zschech.

Daga nan sa'a ta juya baya. Zschech jirgi ɗaya ya nutsar, Ocean Justice. Kwana uku bayan haka, ranar 10 ga Nuwamban 1942, kusa da Trinidad, wani jirgin saman Birtaniya samfurin Hudson ya faɗo musu daga cikin gajimare. Matuƙin, Ronald Sillcock, ya sauko ƙasa-ƙasa har bam ɗinsa ya sauka a kan jirgin daidai, amma ƙarfin fashewar ya haɗa da nasa jirgin, shi da mutanensa duka suka hallaka. Zschech ya ba da umarnin a fice, makanikai suka ce a bari su gwada. Suka toshe, suka liƙe, suka lallaɓa da shi har Lorient.

Wata shida aka yi ana gyara, gyaran kuwa bai ƙare ba. Leburorin tashar Faransawa ne da aka mamaye ƙasarsu, kuma wasunsu da hannunsu suke yaƙi: walda marar ƙwari a nan, ɗan huji a tankin mai a can, yadda jirgi zai riƙa barin sawun mai a saman ruwa. Fita bayan fita, sai ya juyo bayan 'yan kwanaki. Wannan kuwa a 1943 ne, shekarar da a watan Mayu kaɗai Jamus ta rasa irin waɗannan jirage sama da 40. Abokan Zschech suna fita ba sa dawowa, shi kullum yana dawowa hannu rabbana, ana yi masa shaguɓe a gari. Ranar 24 ga Oktoba, suna cikin zurfi bama-bamai na fashewa a kansu, ya ɗora bindiga a kansa ya harba, a ɗakin sarrafa jirgin, a gaban yaransa. Mataimakinsa Paul Meyer ne ya kai su gida. Ba na jin za a fahimci wannan yaƙi ba tare da tsayawa a kan wannan ɗaki ba: mutum hamsin da ɗoriya cikin bututun ƙarfe, ba wanka, warin dizal da burodi mai funfuna, ga shugabansu kwance cikin jini.

Harald Lange ya karɓa. Ranar 4 ga Yunin 1944, kimanin mil 150 daga gaɓar Rio de Oro, wato Yammacin Sahara ta yau, ayarin jiragen Amurka ƙarƙashin Kyaftin Daniel Gallery ya ritsa shi. Bama-baman jirgin Chatelain suka tilasta masa tasowa. Lange ya ji rauni, mutanensa suka buɗe wata kafar ruwa don jirgin ya tafi ƙasa, suka faɗa teku. Laftanar Albert David da 'yan mutanensa suka hau, suka sauka ciki ba tare da sanin ko an dasa nakiya ba, suka mayar da murfin kafar, suka kwashe na'urorin ɓoye saƙo na Enigma da littattafan sirri. Rabon da sojan ruwan Amurka su kama jirgin abokan gaba a tsakiyar teku tun 1815.

Manyan Gallery ba su yi murna nan take ba. Sun riga suna karanta saƙonnin Jamus a asirce, in labari ya fita Jamusawa za su sauya komai. Don haka aka ja jirgin zuwa Bermuda aka ɓoye. Fursunoni 58 kuma aka killace su a sansanin Ruston da ke Louisiana, aka hana ƙungiyar Red Cross ganinsu, aka hana wasiƙunsu fita, abin da ya saɓa wa yarjejeniyar Geneva. Dalilin soja yana da ƙarfi, ba musu. Amma iyaye da mata a Jamus sun yi makokin mutanen da ke raye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan yaƙi an so a yi atisayen harbi da shi a nutsar. Gallery, wanda ɗan Shikago ne, ya tashi tsaye, mutanen birnin suka tara kuɗi, aka jawo jirgin ta manyan tafkunan Amurka, aka tsallakar da shi babban titin bakin tafki. A watan Satumban 1954 Gidan Tarihin Kimiyya da Masana'antu ya buɗe shi ga jama'a, don tunawa da Amurkawan da suka mutu a Tekun Atlantika. Kamfanonin Jamus da suka ƙera kayan cikinsa sun aiko da madadin waɗanda aka cire kyauta. Shekara 50 ya yi a fili, ruwa da ƙanƙara na cin ƙarfensa, sai a 2004 aka mayar da shi wani zaure da aka gina masa a ƙarƙashin ƙasa, aka sake buɗe shi a 2005.