Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Guba

Hutun da ya wuce ina zaune a tsakar gidanmu nan Kance ina tsince wake, sai Yayata, ɗiyar baffanmu, ta miƙo mini waya. Wata mata ce a TikTok tana tallar allura, wai idan aka tsira maka ita a goshi duk tamoji sai ya baje, fuska ta koma sumul kamar ta ƴar shekara sha takwas. Yaya ba ta kai talatin ba, amma bikinta ya matso, har ta fara lissafin jikka nawa za ta tara ta tsallaka ta Ɗan Barto a yi mata. Kakarmu tana gefe tana jan carbi. Da aka yi mata bayani sai ta dube ni ta ce, "Kishiyata, mu da aska aka yi mana ado, ku kuma da guba?" Dariya muka yi, don mun zaci ba'a ce irin ta kaka da jika. Da na koma lakwal na bi diddigin abin, ashe tsohuwa gaskiya ta faɗa. Guba ce, kuma tana cikin mafiya ƙarfi da ɗan Adam ya sani.

Labarin ya faro ne daga kudancin Jamus, yankin Württemberg. Mutanen can suna cusa nama da jini cikin hanji su ajiye, irin abin da ake kira sosej. Sai aka riƙa samun masu ci suna kwantawa: fatar ido ta saki, gani ya rabu biyu, haɗiya ta gagara, a ƙarshe numfashi ya tsaya. Wani likita, Justinus Kerner, ya bi marasa lafiyan yana rubuta abin da ya gani, daga 1817 zuwa 1822. Bai gano ƙwayar cutar ba, amma ya lura gubar tana kashe motsin tsoka ne, hankalin mutum kuwa yana nan garau. Har ya yi hasashen wata rana ɗan kaɗan daga cikinta zai iya zama magani ga wanda tsokarsa ke motsi fiye da kima.

A 1895, a ƙauyen Ellezelles na ƙasar Beljiyam, wasu makaɗa sun ci naman da aka adana da gishiri bayan wata jana'iza. Da yawa suka kwanta, uku suka mutu. Masanin ƙwayoyin cuta Emile van Ermengem ya binciki ragowar naman ya zaƙulo ƙwayar. Sunan da ake kiranta yau, Clostridium botulinum, daga kalmar Latin "botulus" ya fito, wato sosej ɗin nan. Tana zaune cikin ƙasa, kuma tana zuba gubarta ne a inda babu iska.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne kawai. Duk wanda ya yi kiwo ya taɓa ganin saniya da rani tana gurgurar tsohon ƙashi. Rashin sinadarin fosforas a ciyawa ke sa ta haka. A Afirka ta Kudu, wajen 1920, likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano cewa shanun da ke shanyewa su mutu suna ɗaukar wannan gubar ne daga ƙasusuwan mushe. Ita ce kuma dalilin da ya sa ake cewa a jefar da gwangwanin abincin da ya kumbura, kuma kada a lasa wa jaririn da bai shekara ba zuma.

To, yaya aka yi ta hau goshin mata? Ta hannun likitocin ido. A shekarun 1970 wani likita a San Francisco, Alan Scott, yana neman hanyar gyara harara-garke ba tare da fiɗa ba. Ya riƙa tsira ɗigon gubar a tsokar da ke jan idon gefe, ta saki, idon ya daidaita. Yadda take aiki shi ne, jijiya tana aika wa tsoka saƙo ta wani sinadari, asetilkolin, gubar kuwa sai ta toshe fitarsa. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin da sunan Oculinum. Kamfanin Allergan ya saye shi ya raɗa masa suna Botox.

Kwalliyar kuwa tsintuwa ce. A 1987, a birnin Vancouver na Kanada, likitar ido Jean Carruthers tana yi wa wata mata allurar saboda fatar idonta na ƙiftawa ba tsayawa, sai matar ta nuna mata layukan da ke tsakanin girarta sun ɓace. Mijin likitar, Alastair, likitan fata ne. Suka gwada, suka wallafa sakamakon a 1992, kuma a 2002 FDA ta yarda a yi amfani da ita don tamojin tsakanin gira. Abin har ya kai ga raƙuma! A 2018, a gasar kyan raƙuma ta Sarki Abdul'aziz a Saudiyya, an kori raƙuma 12 saboda masu su sun yi musu wannan allura don leɓe da hanci su yi kyau.

Abin da mai tallar TikTok ba ta faɗa ba shi ne, aikin allurar wata uku zuwa huɗu ne, daga nan tsoka ta farfaɗo, tamoji ya dawo, sai an sake biya. Idan hannun bai ƙware ba ya tsira a gurbin da bai dace ba, fatar ido na iya rufowa ta yi makonni. A 2024, a Amurka kanta, an kwantar da mata a asibiti bayan an yi musu jabun allurar ko an yi musu a hannun waɗanda ba su da izini. Ina ga mu, da muke ganin ana yawo da magani cikin kwali a rana tsaka ranar kasuwar Matamai? Wa zai tabbatar wa Yaya abin da ke cikin kwalbar?

Na koma na ƙare wa fuskar kakarmu kallo. Tsagarta tana nan a kumatu, wanzamin gidansu ya yi mata ranar suna. A zamaninsu, zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi da iyayenta suka gani, tsaga shaida ce: a dube ka a san Bagobiri ne kai ko Bakatsine ko Badauri, a san wanda za ka yi wasan taubasantaka da shi. Mu mun daina, kuma ban yi kuka ba, don aska ɗaya kan jarirai da yawa ta ɗauki rayuka. Sai dai na lura da bambanci guda. Wanzami maƙwabci ne, in ya yi ɓarna an san ƙofar gidansa. Matar waya kuwa ko sunanta na gaskiya ba mu sani ba.

Na karanta wa Yaya wannan rubutu kafin in kawo wa ƙungiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke dai kin cika bincike." Ba ta ce ta fasa ba. Amma jiya na ga an kawo mata lalle da dilka, kuma kuɗin da ta tara ta ba da su an sayo mata tukwane.