DOGARI, GARDI DA JANDARMA A ƘASAR TASAWA DA MAYAHI

Gaisuwa ga iyayenmu dattawa na gida, da ƴan'uwa masu ci-rani a Kano da Legas da Agadas da Libiya, da duk inda wannan takarda ta iske ku. Shugabannin ƙungiya sun ce in rubuto wani abu na tarihi. Da fari na so in ɗauko asalin garinmu, amma rigimar da aka yi bara da kaka a bakin burtali, wadda saura ƙiris a zub da jini, ta sa na sake shawara. Ran nan na ji wani saurayi yana cewa a bugo wa jandarma waya, wani tsoho kuwa ya ce a'a, a aika gidan sarki a turo dogari. Suka yi ta musu, shanu na tsaye cikin gero. Sai na lura kowanensu yana magana ne da bakin zamanin da ya sani. To, bari mu bi zamunnan nan ɗaya bayan ɗaya.

Kafin zuwan Nasara, ƙasarmu tana ƙarƙashin sarakunan Katsina na Haɓe, waɗanda jihadi ya fitar da su daga birninsu, suka kafa Maraɗi wajen 1819. Ƙarshen ƙarnin nan Sarkin Katsina Mijinyawa, da rikicin Ƙaura Hasau ya raba shi da Maraɗi, Tasawa ya zo ya zauna. A lokacin mai tsaron doka shi ne dogari. Shi ke kamo ɓarawo, shi ke tsare kasuwa, shi ke kai sammaci, shi ke tsayawa a raba gona in an yi gardamar iyaka. Kada mu yi wa zamanin nan kwalliya: dogari ba shi da albashi, abin da ya samu a hanya shi ne abincinsa, kuma talaka ya sha dorina. Amma akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Dogari ɗan ƙasa ne. An san gidan ubansa, an san inda ya yi aure, in ya wuce gona da iri akwai bakin da za a kai ƙararsa. Ƙarfinsa ba sandarsa ba ce, sunan wanda ya aiko shi ne.

Bindigar Nasara ta shigo mana da mummunar ƙafa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ta kashe mata da yara a Koran Kalgo. Ran 14 ga Yuli suka harbe Kanal Klobb a Dankori, shi da gwamnatinsu ta aiko ya tsai da su. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu na nan a Maijirgi, duk mai bin hanyar Damagaram yana wuce su. Ina kai ƴan lakwal ɗina labarin nan kowace shekara, don littafin aji ba ya ba shi fili yadda ya kamata.

Da mulki ya zauna, Tasawa ce ta zama babban bariki na yankin nan duka, har Maraɗi a ƙarƙashinta take, sai a 1927 aka mai da kujerar Maraɗi. Kumandan Bature ɗaya ne, ƙasa kuwa da faɗi, saboda haka ya yi wa kansa hannuwa, watau gardi. Yawancinsu tsofaffin sojan Faransa ne, da jar hula da ɗamara da doki, da yawa kuma ba ƴan ƙasar nan ba ne. Aikinsu tara lanho, watau haraji, da ɗibar mutane aikin tilas na hanya da ɗaukar kaya, da kamo samari zuwa soja, da tsaron kaso. Akwai wata doka ta musamman don talakawan mulkin mallaka, wadda a farkon zamani ta ba kumandan ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ya ji bakinsa ba. Wanda zai je ya zo da mutumin kuwa gardi ne.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mana yadda gari ke zama in an hango jar hula daga nesa. Samari su faɗa cikin gero, mata su ɓoye awaki, maigari ya fito da rawar jiki. A share wa baƙo ɗaki, a yanka kaza, a zuba wa doki hatsi, kafin ma ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce abin da ya fi ciwo ba bulalar ba ce. Abin da ya fi ciwo shi ne ka ga an tsuguna da maigari a rana gaban ƴaƴansa don lanho bai cika ba. A ganina a nan ne aka yi mana babbar ɓarna, domin sarki da maigari sun koma masu tara wa wani kuɗi, dogari kuma ya koma ɗan rakiyar gardi. Daga nan talaka ya koyi darasin da har yau bai manta ba: in ka ga mai kaki, ka yi shiru, ka ce ba ka ga komai ba. A 1946 aka soke aikin tilas da waccan doka, amma tsoro ba ya jin an soke shi a takarda.

Mun sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. A 1964 aka sake tsarin ƙasa, Tasawa da Mayahi kowace ta zama gunduma a ƙarƙashin Maraɗi, da shugabanta ɗan ƙasa da ake kira suparfe, ko da yake tsofaffi ba su daina ce masa kumandan ba. Gardi ya canja kaya, ya zama na jamhuriya, yana ƙarƙashin ministan cikin gida, yana tsaron bariki da kaso. An sake wa rundunar suna a 1997, aka kuma sake a 2010, amma a bakinmu gardi dai gardi ne. Jandarma shi kuwa soja ne, ƙarƙashin ministan tsaro, kuma shi aka ba binciken laifi a karkara: kisa, da rauni, da sata, da haɗarin mota. Ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa wa alƙali. Shekarun farko ba su yi daɗi ba, don bayan an hana jam'iyyar Sawaba a 1959, musamman a 1964 da mayaƙanta suka shigo, mutanen ƙasar Tasawa da dama sun sha kamu da tuhuma. Dattawa sun fi ni sanin wannan, ba zan tsawaita ba.

Janar Seyni Kountché ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974. Abu biyu ya yi da suka taɓa maganarmu. Ya soke lanhon kai na gwamnati, sai babban dalilin zuwan gardi ƙauye ya ragu. Ya kuma farfaɗo da samariya, aka mai da ita hannun hukuma: gayya, da ginin aji, da sharar gari, da sintirin dare, da lura da baƙo. Masu yabon zamanin suna cewa kana iya barin akuya a daji ta kwana. Masu kuka da shi suna cewa ko da matarka ba ka sakin baki, don ba ka san mai kai rahoto ba. Ni ban ga zamanin ba, amma na ji duka biyu daga mutanen da ba na tuhumar su da ƙarya.

To, duk wannan lokaci wani abu na tafiya a hankali wanda ba bindigar da za ta tsai da shi, watau ƙarancin ƙasa. Tun zamanin gyaɗa aka yi ta sheme daji, jama'a ta yi ta ƙaruwa, saura ta ƙare, gona ta kai bakin gona. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa don a bar wa makiyaya wurinsu, amma garma ba ta tsaya a kan layin ba. Burtalin da dā garke biyu ke gittawa a cikinsa ya koma kamar hanyar ƙafa. Kwarin Gulbin Kaba, inda Fulani da Bugaje ke sauka, aka shiga cinsa daga gefe. Fari na 1973 da yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, suka karkashe dabbobin makiyaya, da yawa suka sayar da ragowar ga ƴan kasuwa da manoma, suka koma kiwon lada. Ƴan'uwana na ci-rani, ku yi mini haƙuri in faɗi wannan: shanun da suka ci gonar ƙanenka da dare, wataƙila da kuɗin da ka aiko aka saye su.

Ran 30 ga Oktoba 1991, ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, abin da kowa ke tsoro ya auku a Toda, cikin gundumar Gidan Rumji. Rigimar manomi da makiyayi ta zama ramuwa, aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Jiharmu ɗaya da su, harshenmu ɗaya, gonakinmu iri ɗaya. Masu kaki sun zo, an yi kamu, amma wanda ya mutu ya riga ya mutu. Lokacin ina goye, sai da na girma na ji labarin, kuma ban taɓa jin wanda ya ba da shi da ɗaga murya ba.

Bayan Toda ne aka kammala dokar karkara, ran 2 ga Maris 1993, kuma cikin watan nan aka fitar da dokar da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya. Abin lura shi ne hukuma ta dawo wurin da aka baro. Doka ta ce rigimar gona da ta ɓarnar dabbobi a fara kai ta gaban maigari, in ta gagara a kai gaban sarki, a yi sulhu, a rubuta, sai in sulhu ya ƙi sannan a nufi alƙali. Amma in jini ya zuba, magana ta fita hannun sarki, ta zama ta jandarma da gidan shari'a. An kuma kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, tun daga gunduma har ƙauye, inda maigari da wakilin manoma da na makiyaya da na mata ke zama tare. Su ke ba da takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina, da ta gado. Daga ƙarshen shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka bi burtalai da dama na jihar Maraɗi ana kafa musu turakun siminti. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin wucewa, ta kuma ce hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki bayan ta shawarci manoma da makiyaya.

Ashe ke nan saurayin nan da tsohon nan kowa da rabin gaskiya. Da aka kira jandarma tun shanu na cikin gero ba a taɓa kowa ba, da abin da zai ce shi ne a koma wurin maigari. Da kuma sanda ta fasa kai, da dogari ba shi da abin yi sai rakiya. Jandarmomi kaɗan ne, mota ba ta wadata ba, rairayin Mayahi kuma kun san shi da damana. Kafin su iso, abin da zai hana ɓarna shi ne maigari da arɗo su san juna, a kirga damman da aka ci gaban shaidu na ɓangare biyu, a tsare dabba ba tare da an sare ta ba. Tun 2019 da ƴan gudun hijira suka kwararo yankin Gidan Rumji da Madarunfa saboda ƴan bindiga, na ji ana ta maganar mu ma mu kafa ƴan banga. Ba na ƙin sintiri, amma wanda ya kama mutum ya miƙa shi, kada ya zama shi ne alƙali, don ba mu so mu ƙera wa kanmu sabon gardi mai jar hula.

Roƙona ga ƙungiya guda biyu ne. Duk wanda ya sayi gona ko ya karɓi jingina da kuɗin ci-rani, ya sa a yi masa takarda wurin kofo tun masu shaida na da rai. Sannan burtalinmu na gabas har yanzu ba shi da turaku. Dattawan da suka san inda ya bi tun asali ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. In Allah ya kai mu rani, a sa rana, a gayyato arɗo da wakilin sarki, dattawan nan su shige gaba su nuna mana, ni kuma zan zo da littafi da manyan ƴan ajina mu rubuta. Wassalam.