SAI BAƊI: TARIHIN JIRAN ƘUNGIYAR CUBS TA SHIKAGO

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da za a kai wannan karin magana arewacin birnin Shikago na ƙasar Amurka, a faɗa wa tsofaffin magoya bayan Cubs, ƙungiyar wasan besbol ta wannan yanki, da sai su girgiza kai kawai, domin sun sha ganin Laraba mai kyau, amma Juma'ar ta ƙi zuwa har tsawon shekara 108. Daga 1908 zuwa 2016 ƙungiyar ba ta ɗauki babban kofin wasan ba ko sau ɗaya. An haifi mutane, sun yi aure, sun ga jikoki, sun bar duniya, duk suna cewa sai baɗi.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san yadda kakar wannan wasa take. Ana fara ta a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, a kammala a ƙarshen Satumba, kuma tun daga 1962 wasa 162 Cubs kan buga a cikakkiyar kaka. Ƙungiyoyin sun kasu gida biyu, wato National da American, kuma zakarun gidajen biyu ne ke karawa a gasar ƙarshe da ake kira World Series, inda wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi. Tun a watan Fabrairu 'yan wasan Cubs kan tafi garin Mesa na jihar Arizona yin atisaye, daga can kuma jaridu kan fara kawo labarin sabon mai jifa mai ƙarfin hannu, ko yaron da aka ce sandarsa ba ta kuskuren ƙwallo. Ranar buɗe kaka kowace ƙungiya daidai take da 'yar'uwarta, ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Jama'a kan cika filin Wrigley cikin rigunan sanyi, iska na kaɗowa daga tafkin Michigan, tsiron nan mai yaɗo da aka dasa a jikin katangar filin a 1937 ko ganye bai fitar ba tukuna. A irin wannan rana fata kan yi yawa, shakka kuma tana nan maƙale a zuci.

Cubs ba ta taso a cikin wahala ba. Tana cikin ƙungiyoyin da suka kafa gidan National a 1876. A 1906 ta ci wasa 116 a kaka ɗaya, sannan ta ɗauki kofi a 1907 da 1908, duka biyun a kan Tigers ta Detroit. Bayan nan ta sake kaiwa gasar ƙarshe har sau bakwai, a 1910, 1918, 1929, 1932, 1935, 1938 da 1945, kuma duk an doke ta. A zuwan 1945 ɗin ne aka sami labarin da ya bi ƙungiyar har shekara 71. Wani mai mashaya, Billy Sianis, ya zo kallon wasa na huɗu da bunsurunsa, aka fitar da su daga filin, shi kuwa, kamar yadda ake ba da labari, ya yi wa ƙungiyar baki. Daga nan Cubs ba ta ƙara taka gasar ƙarshe ba sai 2016, kuma duk abin da ya same ta sai a ce bakin mai bunsuru ne.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya duba abin da ke gudana a ofishin ƙungiyar zai ga dalilan da ba su da alaƙa da bunsuru. Philip K. Wrigley, ɗan attajirin nan mai kamfanin cingam, ya gaji ƙungiyar a 1932, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1977. Mutum ne mai kula da kyan fili da jin daɗin 'yan kallo, amma a zamaninsa an bar Cubs a baya wajen renon matasan 'yan wasa a ƙananan ƙungiyoyi, tsarin da abokiyar gabarta, Cardinals ta St. Louis, ta rungume shi tun shekarun 1920. A 1961 da 1962 ya soke muƙamin mai horarwa guda ɗaya, ya sa masu horarwa da dama suna karɓa-karɓa, kuma a 1962 ɗin aka ci ƙungiyar wasa 103. A watan Yunin 1964 aka ba Cardinals wani matashi mai gudu, Lou Brock, aka karɓo mai jifa Ernie Broglio wanda hannunsa ya riga ya samu matsala. Brock ya ɗauki kofi da Cardinals a wannan shekarar, ya kuma zama ɗaya daga cikin gwarazan wasan. Daga 1947 zuwa 1966, sau ɗaya tak, a 1963, Cubs ta gama kaka da nasarorin da suka fi faɗuwa yawa. A cikin waɗannan shekaru ne Ernie Banks, baƙar fata na farko da ya buga wa ƙungiyar, ya yi ƙuruciyarsa. Ya buga mata daga 1953 zuwa 1971, an zaɓe shi gwarzon gidan National a 1958 da 1959, amma ya yi ritaya bai taɓa buga wasa ko ɗaya na zagayen neman kofi ba.

Shekarar da ta fi nuna yadda farkon kaka ke ruɗin mutum ita ce 1969. Cubs, a ƙarƙashin mai horarwa Leo Durocher, ta ci 11 daga wasanni 12 na farko, ta hau saman rukuninta tun ranar buɗewa, ta zauna a can wata biyar. A tsakiyar Agusta tana gaban Mets ta New York da tazarar wasa kusan tara, har wasu suka fara maganar tikitin Oktoba. Sai Satumba ta zo, ƙarfi ya ƙare. Ranar 9 ga wata, a filin Mets, wata baƙar mage ta gitta a gaban bencin 'yan wasan Cubs, masu camfi suka sami abin faɗa. Amma masu lura sun ce Durocher bai cika hutar da manyan 'yan wasansa ba, ga shi kuma filin Wrigley ba shi da fitilu a lokacin, duk wasannin gida a cikin zafin rana ake yin su (sai a watan Agustan 1988 aka kunna fitilu a filin). Mets ta ci wasa 100, ta bar Cubs a baya da wasa takwas, ta je ta ɗauki kofi.

An maimaita irin wannan a 1977, inda a ƙarshen Yuni ƙungiyar ta ci 47 aka ci ta 22, amma ta gama kaka da 81 da 81. A 1997 kuwa ba a ma bari fata ta yi tsiro ba, domin an ci ta wasanni 14 na farko a jere. Saboda haka magoya bayan suka koyi wani hali na musamman: in an fara da kyau su ce mu dai ga Satumba, in an fara da muni su ce daman mun sani.

Ko a shekarun da aka tsallake Satumba, Oktoba na jira. A 1984 wasa ɗaya ya rage mata ta kai gasar ƙarshe, sai Padres ta San Diego ta ci ta uku a jere. A 2003 tana gaban Marlins ta Florida da maki uku ba ko ɗaya a zagaye na takwas na wasa na shida, saura ta fidda 'yan wasa biyar ta haye, sai wani ɗan kallo ya miƙa hannu ga ƙwallon da Moises Alou ke ƙoƙarin cafkewa a bakin katanga. Jim kaɗan wani ɗan wasan Cubs ya kasa riƙe ƙwallo mai sauƙi, Marlins ta zuba maki takwas, ta kuma ci wasa na bakwai. Laifin duk aka ɗora wa ɗan kallon, wanda shi ma masoyin ƙungiyar ne, har sai da masu tsaro suka raka shi waje, ya kuma yi shekaru yana ɓoye kansa. Wannan ita ce illar labarin tsinuwa: ya saba wa jama'a neman wanda za su rataya wa laifi, a maimakon su tambayi masu tafiyar da ƙungiyar.

Canji ya fara ne bayan iyalan Ricketts sun sayi ƙungiyar a 2009. A watan Oktoban 2011 suka ɗauko Theo Epstein, wanda ya taimaki Red Sox ta Boston ta kawo ƙarshen nata jiran na shekara 86 a 2004. Epstein bai yi wa kowa alƙawarin baɗi ba. Ya sayar da tsofaffin 'yan wasa, ya tara matasa, ya yarda a sha kashi, har aka ci ƙungiyar wasa 101 a 2012. A cikin wannan yanayi aka samo Anthony Rizzo a 2012, Jake Arrieta da Kris Bryant a 2013, sannan a ƙarshen 2014 aka kawo mai horarwa Joe Maddon da mai jifa Jon Lester. A 2015 ƙungiyar ta ci wasa 97.

Ko a 2016 shakka ba ta bar magoya baya ba. A wasa na uku na kakar, Kyle Schwarber ya ji mummunan rauni a gwiwa, tsofaffi suka ce ga ta nan ta sake dawowa. Amma wannan karon akwai waɗanda za su maye gurbinsa. Cubs ta ci 25 daga wasanni 31 na farko, ta yi tangal-tangal a tsakiyar kaka ba ta faɗi ba, ta gama da nasara 103. A gasar ƙarshe Cleveland ta ci uku, Cubs na da ɗaya, sai Cubs ta ci biyu a jere. A wasa na bakwai, wanda aka fara daren 2 ga Nuwamba, aka farke mata tazarar maki uku a zagaye na takwas, ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17, sannan ta ci 8 da 7 a zagaye na goma. Kwanakin da suka biyo baya, mutane sun yi ta rubuta sunayen iyaye da kakanninsu da alli a bangon filin Wrigley, wasu kuma suka kai hulunan ƙungiyar maƙabarta. A 2017 ƙungiyar ta ba ɗan kallon nan na 2003 zoben nasara irin na 'yan wasa.

Ke nan karin maganar Hausawa ba ta yi ƙarya ba, magoya bayan ne suka daɗe suna duban Larabar da ba ita ba. Watan Afrilu bai faɗa musu gaskiya ba a 1969, haka ma a 1977. Larabar 2016 kuwa ta faɗo ne a 2012, shekarar da aka ci su wasa 101, lokacin da ba mai marmarin zuwa kallo amma ana gyaran tushe. Ita kuwa Cleveland da aka doke a wancan dare, wadda ta koma amsa sunan Guardians daga 2022, rabonta da kofi tun 1948, kuma har zuwa ƙarshen kakar 2025 magoya bayanta ne suka gaji cewa sai baɗi.