Kufan Akrofolis da Hannuwan da Suka Tsara Shi

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da wannan tunanin ne dubban mutane suke hawa dutsen Akrofolis da ke tsakiyar birnin Atina na ƙasar Girka kowace safiya. Yawansu ya kai ga hukuma ta ƙayyade masu shiga zuwa mutum 20,000 a rana tun daga watan Satumban 2023. Mai yawon buɗe ido yakan tsaya gaban ginshiƙan Fartenon, babban haikalin da ke saman dutsen, ya ga farin dutse tsirara a ƙarƙashin rana, ya koma gida da yaƙinin cewa ya ga abin da Girkawan dauri suka bari kamar yadda zamani ya miƙo shi. A nan dai gani bai kori ji ba. Kufan da ake kallo a yau an tsara shi ne a ƙarni na 19 da na 20, lokacin da wasu mutane suka zauna suka zaɓi abin da za a bari da abin da za a rushe, suka kuma sake ɗora duwatsun da suka faɗi. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka tarihin dutsen ya tsaya a ƙarni guda, alhali mutane sun ci gaba da zama da ibada da yaƙi a kansa har fiye da shekaru 2,000 bayan wannan ƙarnin.

An fara ginin Fartenon a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kammala sassaƙe-sassaƙensa a 432, a zamanin da Perikles yake jan ragamar Atina. Iktinos da Kallikrates ne magina, Fidiyas kuma shi ya shugabanci aikin sassaƙa, ya ƙera gunkin Atena, abar bautar birnin, da zinariya da hauren giwa, tsayinsa ya kusa mita 12. Daga dutsen Pentelikon, mai nisan kimanin kilomita 16, aka riƙa jawo mabul ɗin da aka yi aikin da shi. Abu na farko da kufan yau yake ɓoyewa shi ne launi. An shafe sassan saman ginin da shuɗi da ja, mutum-mutumin da ke jikinsa suna da fenti, wasu har da linzami da makamai na tagulla da aka maƙala musu. Filin da ke kewaye da shi cike yake da gumaka da allunan rubutu da kayan sadaukarwa, ga hayaƙin yanka yana tashi daga bagadi. Wannan farin fili fetal da baƙo yake ratsawa a yau, ko Perikles kansa bai taɓa ganin irinsa ba.

Abu na biyu da ya ɓace daga ido shi ne tsawon rayuwar ginin bayan bautar Atena ta mutu. Wajen ƙarni na 6 na Miladiyya aka mayar da Fartenon coci, daga baya ya shahara da sunan Maryamu uwar Annabi Isa, har ya zama wurin da masu ziyarar ibada suke nufa daga nesa. A 1018 sarkin Rumawan Gabas, Basil na Biyu, ya zo nan ya yi godiya bayan ya ci Bulgariyawa da yaƙi. Shekarun da ginin ya yi yana coci sun kusa kai waɗanda ya yi yana haikali. Bayan 1204 Turawan Yamma suka karɓe Atina, suka mayar da babbar ƙofar dutsen fada, suka gina doguwar hasumiyar tsaro a gefenta. Turkawan Daular Usmaniyya suka karɓi dutsen a 1458, ba da daɗewa ba cocin ya zama masallaci mai hasumiya. Matafiyin nan Baturke, Evliya Celebi, ya ziyarce shi a 1667 ya kuma yaba shi matuƙa. Har zuwa wannan lokaci ginin yana tsaye da rufinsa. Ranar 26 ga Satumban 1687 ce ya zama kango, lokacin da rundunar Venis ƙarƙashin Francesco Morosini ta yi wa dutsen ƙawanya, harsashin igwa ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka adana a ciki. Tsakiyar ginin ya tarwatse, mutane kusan 300 suka mutu. Daga baya aka gina ƙaramin masallaci a cikin kangon, gidaje da lunguna suka ci gaba da cika saman dutsen kamar kowace unguwa. Daga 1801 kuma ma'aikatan Lord Elgin, jakadan Birtaniya a Istanbul, suka shiga ciccire sassaƙe-sassaƙe, waɗanda ya sayar wa gwamnatin ƙasarsa a 1816 kan fam 35,000.

Dalilin da ya sa baƙo ba ya ganin wannan unguwa a yau yana cikin yadda aka haifi ƙasar Girka ta zamani. Yaƙin ƙwatar 'yanci ya ɓarke a 1821, manyan ƙasashen Turai suka naɗa wa sabuwar ƙasar sarki, wani saurayi ɗan gidan sarautar Bavariya mai suna Otto. A 1834 aka mayar da babban birni zuwa Atina, wadda a lokacin ƙaramin gari ce mai 'yan dubban mutane da yaƙi ya ɗaiɗaita. Sunanta na dā ne ya jawo mata wannan matsayi. Masu ilimin Turai, tun daga rubuce-rubucen Winckelmann a tsakiyar ƙarni na 18, sun riga sun ɗauki Girka ta zamanin Perikles a matsayin asalin wayewarsu, suka kuma ɗauki farin mabul a matsayin ƙololuwar kyau. Maginin fadar Bavariya, Leo von Klenze, ya ba da shawarar a fitar da sojoji daga dutsen, a kwashe gine-ginen baya. Haka kuwa aka yi. Aka rushe gidajen, aka kawar da ƙaramin masallacin a farkon shekarun 1840, sannan a tsakiyar shekarun 1870 aka rushe hasumiyar Turawan Yamma da kuɗin mai haƙar kufai Heinrich Schliemann, duk da cewa masanin tarihi ɗan Ingila, Edward Freeman, ya yi Allah wadai da aikin. Tsakanin 1885 da 1890 Panagiotis Kavvadias ya haƙe saman dutsen har sai da ya tarar da fa. Ƙasar da ƙafafun mutane suka tara cikin ƙarnuka masu yawa ta tafi, shi ya sa a yau ake taka dutse mai santsi.

Bayan sharewa sai sake gini. Ƙaramin haikalin Atena Nike, wanda yake tarbar baƙo a dama da ƙofa, Turkawa sun wargaza shi a 1686 suka yi shingen igwa da duwatsunsa. A 1835 aka fara zaro su ɗaya bayan ɗaya ana sake harhaɗa shi, kuma tun daga nan an sake kwance shi an ɗaura har sau biyu. Ginshiƙan gefen arewa na Fartenon, waɗanda fashewar 1687 ta zubar, injiniya Nikolaos Balanos ne ya tayar da su tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930. Ya ɗaure duwatsun da ƙarfe ba tare da ya lulluɓe shi da dalma yadda maginan dauri suka yi ba, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya tsattsaga mabul ɗin. Gyaran wannan ɓarna na cikin manyan ayyukan kwamitin da aka kafa a 1975, wanda yake cire tsohon ƙarfen yana sa taitaniyam, ƙarfen da ba ya tsatsa. Mutum-mutumin 'yan matan nan shida da suke ɗauke da rufin shirayin haikalin Erektiyon a kansu, dukkansu kwafi ne: biyar na asali suna gidan tarihin Akrofolis da aka buɗe a 2009, ta shidan tana Landan. Abin bai tsaya a Atina ba. A Delfi sai da aka tashi ƙauyen Kastri ɗungurungum domin haƙar da Faransawa suka fara a 1892. A tsohuwar kasuwar Atina Amurkawa sun rushe ɗaruruwan gidaje daga 1931, suka kuma sake gina dogon shirayin Attalos daga tushe tsakanin 1953 da 1956. A Knossos da ke tsibirin Kirit, Arthur Evans ya tayar da sassan fadar da siminti, ya sa aka yi musu fenti bisa yadda ya zaci suke.

Mai ja zai ce ai alheri aka yi. Da ba a rushe shingen igwa ba, da haikalin Nike yana nan binne. Da Kavvadias bai haƙa ba, da ba a tono mutum-mutumin 'yan matan da Atinawa suka binne bayan Farisawa sun ƙone dutsen a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa ba, waɗanda har yau da sauran fenti a jikinsu. Kuma gidan laka na sojan gadi ba zai yi daraja ɗaya da aikin Fidiyas ba. Wannan magana tana da nauyi, domin wani abin ba ya fitowa sai an ɗaga abin da ke kansa. Sai dai hasumiyar da ta yi ƙarnuka tana tsaye, wadda take cikin kusan kowane zanen da matafiya suka yi wa dutsen, an rushe ta ne musamman don ba ta dace da hoton da ake so ba. Mafi ciwo kuma, yawancin abin da aka kwashe ba a auna shi ba, ba a zana shi ba, ba a rubuta yadda aka same shi ba, don haka ilimin da ke cikinsa ya tafi tare da shi. Masana harkar da kansu sun dawo daga wannan hanya. Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine ta nemi a girmama gudummawar kowane zamani, ta kuma nemi a bambanta sabon abin da aka ƙara da tsohon. A tsohuwar kasuwar Atina ma an bar cocin Manzanni mai kimanin shekaru 1,000 tsaye a tsakiyar kufan, bai kuwa rage wa wurin komai ba.

Akwai ja na biyu, wanda ya fi na farko taɓa zuciya. Girkawa sun yi kusan shekaru 400 a ƙarƙashin Turkawa, sun zubar da jini kafin su sami kansu, to wa zai hana su kawar da alamomin wanda ya mallake su? Duk al'ummar da ta ɗanɗana mulkin baƙo ta san wannan ji, bai kamata a raina shi ba. Amma tsintsiyar da ta share dutsen ba ta tsaya kan Turkawa ba. Ta haɗa da ragowar ƙarnukan Kiristancin Girkawan kansu, wato addinin da manoman da suka yi yaƙin 'yancin suke bi, kuma mutanen da suka fara tsara aikin baƙi ne daga Jamus, masu neman Girka irin wadda suka karanta a littafi. Wannan son farin dutse shi ne ya sa a 1937 da 1938 ma'aikata a gidan tarihin Birtaniya suka kankare wasu daga cikin sassaƙen Fartenon da kayan tagulla don su ƙara haske, suka cire fatar da shekaru suka yi musu. Faɗin wannan duka ba ya raunana buƙatar Girka ta a dawo mata da abin da Elgin ya ɗauka. Hasali ma hujjar guda ce: sassaƙa tana da ma'ana ne a wurin da aka yi ta, tare da duk abin da ya faru da ita a can.

Saura ja na uku, na mai hutu da ya ce sa'o'i biyu kawai gare shi, ya zo kallon kyau, bai zo ɗaukar darasi ba. Amsar ita ce wannan sanin ba ya cin lokaci, ido kawai yake buɗewa, domin shaidun suna nan ga wanda ya san inda zai duba. A kusurwar kudu maso yammacin Fartenon har yanzu akwai gindin matakalar da ta yi wa coci hidima kafin ta zama ta hasumiyar masallaci. A jikin ginshiƙan akwai rubuce-rubuce fiye da 200 da Kiristoci suka karta, wasu addu'o'i ne, wasu kuma ranakun rasuwar limaman coci. Sabon mabul da masu gyara suka cike gurbi da shi fari ne tas, tsohon kuwa ya yi kalar zuma, don haka kowa zai iya rabe aikin jiya da na dauri. A gindin dutsen, masallacin Fethiye da na Tzistarakis, wanda aka gina a 1759, suna tsaye a hanyar da baƙi suke bi. Zaɓar abin kallo ma tsohuwar ɗabi'a ce. Fausaniyas, wanda ya zaga Girka a ƙarni na 2 na Miladiyya ya rubuta littafi goma kan abin da ya gani, ya fi karkata ga tsofaffin abubuwa, har ya wuce shirayin Attalos bai ambace shi ba. Kowane matafiyi yana zaɓe, abin da ake nema kawai shi ne ya san cewa wasu sun riga shi zaɓa, ya kuma san abin da suka ajiye gefe.

Waiwaye adon tafiya ne. Wanda ya sauko daga Akrofolis ya juya ya dubi ginshiƙan, yana da damar ya ga maginin da ya jawo dutse daga Pentelikon, da limamin da aka karta ranar rasuwarsa a jikin mabul, da ladanin da ya hau matakalar nan da asuba, da iyalan da albarushi ya hallaka a 1687, da ma'aikacin da yake zare ƙarfen Balanos a yau. Dukkansu sun taɓa ginin da hannunsu, kuma kufan da yake kallo aikinsu ne gaba ɗaya.