Gululun da Ya Tsaya wa Labarin Baikin Shaida

Yau za mu yi nisa, can ƙarshen arewacin tsibirin Newfoundland a ƙasar Kanada, wani ƙauyen masunta da ake kira L'Anse aux Meadows. Abin da zai kai mu shi ne tambayar da ke damun duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihi: idan labarin baka ya zo mana, wane ɓangare za mu yarda da shi?

Baikin dai su ne mutanen nan na Norway da Denmark da Sweden da suka shahara da tuƙin jirgin ruwa, wasu don fatauci, wasu don hari, wasu neman wurin zama. Jikokinsu a Iceland sun rubuta labaran kakanninsu a ƙarni na 13, kuma biyu daga ciki sun ce wajen shekara ta 1000 wasu mutane sun tashi daga Greenland suka yi yamma, suka sami ƙasa mai itatuwa da inabi, suka sa mata suna Vinland. Matsalar ita ce an rubuta wannan ne bayan labarin ya yi shekara ɗari biyu yana yawo daga baki zuwa baki. Su kansu biyun ba su daidaita ba. Ɗaya ya ce Bjarni ne ya fara hango ƙasar, ɗayan ya ba Leif ɗan Erik wannan matsayi. A cikin ɗayan ma har da wata halitta mai ƙafa ɗaya da ta harbi mutum da kibiya. To, wa zai ga laifin wanda ya ce tatsuniya ce?

A 1960 wani ɗan Norway, Helge Ingstad, ya bi gaɓar tekun yana tambayar mazauna ko sun san wani tsohon kufai. A L'Anse aux Meadows aka nuna masa wasu tudunnai da ciyawa ta rufe, waɗanda mutanen wurin ke ɗauka tsohon zango ne na 'yan asalin ƙasar. Matarsa Anne Stine, masaniyar haƙo kayan tarihi, ita ta jagoranci tonon daga 1961 zuwa 1968. Suka tono harsashin gine-gine takwas, irin ginin da ake yi a Iceland da Greenland, bango na ƙasa mai saiwar ciyawa a kan katako. Suka sami wurin da aka narka tama, da ƙusoshin gyaran jirgi, da wani dogon fil na tagulla irin wanda suke maƙale mayafi da shi.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ɗan ƙarami ne. A 1964 aka tsinci gululun mazari, na dutse mai laushi, wanda bai kai ya cika tafin hannu ba. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san aikinsa. A wajen Baikin ma kaɗi aikin mata ne, don haka masana suka ɗauki gululun nan, tare da allurar ƙashi da aka samu, a matsayin alamar cewa akwai mata a tafiyar. Labaran ma sun ambaci mata, ciki har da Gudrid, wadda aka ce ta haifi ɗa a can. Gululun bai ce nata ba ne, kuma ba za mu sa masa magana a baki ba. Iyakar abin da ya faɗa shi ne an yi kaɗi a wannan wuri. Wannan kaɗai ya isa ya rushe hoton da fina-finai suka cusa mana, na ƙarata zalla masu gatari.

Batun inabi kuwa ya daɗe yana ba mutane ciwon kai, don inabi ba ya fitowa a nan, sanyi ya yi yawa. Sai a tonon da hukumar kula da wuraren tarihi ta Kanada ta ci gaba da yi a shekarun 1970 aka sami ƙwallayen wani itace mai kama da gyaɗar Turawa, wanda ba ya tsirowa a Newfoundland sai can kudu, wajen New Brunswick, inda inabin daji ma yake fitowa. Ashe wurin nan zango ne. Daga nan suke nausawa kudu su dawo. Ba a ga kaburbura ba, ba a ga garken dabbobi ba, alamar ba su daɗe ba.

Saura shekara. A 993 wani farmakin haske daga sararin samaniya ya bar alama a jikin itatuwan duniya, a zoben girman wannan shekara. Masu bincike suka ɗauki guntayen itace uku daga wurin, waɗanda aka sara da kaifin ƙarfe, abin da 'yan asalin yankin ba su da shi a lokacin. Suka nemo zoben 993, suka ƙirga zuwa ɓawo, zobe 29. Duka ukun an sare su a 1021, shekara 471 kafin Kolumbus. An wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2021.

Ga abin da ya sa muka ce mu yi hattara. A wannan shekarar ta 2021 Jami'ar Yale ta Amurka ta fito ta ce taswirar Vinland da ta nuna wa duniya a 1965, wadda aka ce an zana ta kafin Kolumbus, jabu ce. An gano sinadarin titaniyum a tawadarta, irin wanda bai shiga tawada ba sai a shekarun 1920. Takarda ce a kan tsohuwar fata, mai rubutun Latin, a hannun babbar jami'a, ta yi shekara hamsin da shida ana jayayya a kanta. Mu da yawanmu da za mu fi saurin yarda da ita a kan labarin baka, don kawai rubutacciya ce.

A ganinmu tonon bai wanke labaran duka ba. Bai nuna mana Leif ba, bai raba gardamar wanda ya fara hango ƙasar ba, halittar nan mai ƙafa ɗaya kuwa tana nan inda mai labari ya bar ta. Abin da ya tabbatar shi ne an je, an yi gini, an yi ƙira, an yi kaɗi, an kai kudu. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, kuma yau masu ziyara suna shiga ɗakunan da aka sake ginawa kusa da kufan, irin na asali.