Mai sanda a gaban ƴan badujala: tarihin Ben Odiase da taken da ya yi shekara 46



Wanda ya halarci bikin Diffa N'Glaa ranar 18 ga Disamba 2021 zai tuna da defile ɗin da aka yi. Ni ina bakin titi riƙe da makirfo, kuma abin da ya fi ɗauke mini hankali a ranar shi ne mutumin da ke gaban ƴan fanfar, waɗanda kakanninmu ke ce wa ƴan badujala. Da ɗaga sandarsa ɗaya ƙafafu ɗaruruwa suka tashi tare. Da yamma muka koma gidan rediyo muka jero sunayen manyan baƙi kaf, har da waɗanda suka zo a makare, amma babu wanda ya ambace shi, ni ma ban ambace shi ba. Wannan abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa yau na ɗauko tarihin wani mai irin wannan aikin, daga tsallaken Komadugu.

Sunansa Benedict Odiase, an fi saninsa da Ben Odiase. An haife shi a 1934 a yankin da yau ake kira jihar Edo a kudancin Najeriya. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1954, Turawan Ingila na mulki, bai cire kaki ba sai 1992, shekara 38 ke nan. A ɓangaren kiɗa ya yi aikinsa, ya shugabanci ƴan badujalar ƴan sanda na jihar Mid-West, daga baya ya zama daraktan kiɗa na ƴan sandan Najeriya baki ɗaya, ya yi ritaya da muƙamin mataimakin kwamishina. Ko ba ka taɓa jin sunansa ba, in dai kafin ƙarshen Mayu 2024 ka taɓa kama wata tashar Maiduguri da asuba lokacin buɗe shirye-shirye, ko ka kalli wasan Super Eagles, to ka ji aikinsa. Shi ne ya ɗora kiɗa a kan taken Najeriya na 1978.

Kafin mu zo kan taken, bari mu ga inda irin su Odiase suka samo wannan ilimi, don kiɗan da ake rubutawa a takarda ba da shi muka tashi ba. Mai algaita a fadar sarki a kunne ya koya, wajen ubansa ko ubangidansa. Kiɗan takarda ta ƙofa biyu ya shigo yankinmu: bariki da coci.

Ƙofar bariki da mu a cikinta. A 1863 wani Bature, Kyaftin John Glover, ya tara wata ƴar runduna a Legas wadda akasarinta Hausawa ne, har ana ce mata Hausawan Glover, kuma daga wannan tushen sojan Najeriya da ƴan sandanta ke lissafin asalinsu. Duk inda irin waɗannan rundunoni suka je, begila da ganga na biye, domin da begila ake tada soja, da ita ake kiransa cin abinci, da ita ake kwantar da shi. A namu ɓangaren ma haka Faransawa suka yi da tirayar. Sannu a hankali begila da ganga suka zama cikakkiyar ƙungiya mai kayan busa iri-iri, kuma bariki ya zama makarantar kiɗa ta ɗan talaka: a ba ka kaki, a ba ka abin busa, a koya maka karanta rubutun kiɗa, wanda mu ƴan lakwal muka sani da solfej.

Ƙofar coci kuwa, babban sunanta a Najeriya shi ne Thomas King Ekundayo Phillips. Ya yi karatu a Trinity College of Music da ke Landan daga 1911 zuwa 1914, ya dawo ya karɓi jagorancin mawaƙa da kaɗa ogan a majami'ar Christ Church ta Legas, bai sauka ba sai 1962. Shekara 48 yana tsaye gaban mawaƙa. Da ya sauka ɗansa ya gaje shi. A hannunsa Fela Sowande ya taso, wanda daga baya ya riƙe sashen kiɗa na gidan rediyon Najeriya a shekarun 1950 (kada a haɗa shi da Fela Kuti, mutum biyu ne daban).

Matsalar da Phillips ya yi fama da ita, duk Bahaushe zai gane ta nan take. Yarbanci kamar Hausa yake, hawa da saukar murya na sauya ma'ana. Ka ce "kuka" da murya ɗaya, hawaye ne. Ka sauke ƙarshenta, itaciya ce ta miya. To mishan sun fassara waƙoƙinsu na ibada sun ɗora su a kan karin Turai yadda yake, sai ya zama inda kalma ke son hawa kiɗa na sauka, mutane na rera abin da ba shi suke nufi ba. Phillips ya dage a kan cewa kari ya bi harshe, ya tsara waƙoƙi a kan haka, har ya rubuta littafi a kan kiɗan Yarabawa a 1953. Dalilin da ya sa na kawo shi nan shi ne, tsarin raba muryoyi kashi huɗu da mawaƙan coci ke yi, biyu sama biyu ƙasa, shi ne dai tsarin da shugaban badujala ke bi in zai raba aiki tsakanin masu busa. Ka saurari taken ƙasashen Afirka da yawa, za ka ji sun yi kama da waƙar ibada da aka sa wa kaki.

Wasu na ɗauka mai sandan nan ado ne kawai. Ba haka ba ne. Sojan Faransa, wanda namu ya gaji tsarinsa, taku 120 yake yi a minti ɗaya, in ban da Legion da ke tafiyar ƙasaita da taku 88. Mai sanda ne ke riƙe wannan lissafi a kansa. In ya ƙara sauri kaɗan, na baya su hau gudu. In ya yi sanyi, layi ya cukurkuɗe a gaban shugaban ƙasa. Ga kuma wani abu: sauti na tafiyar wajen mita 340 ne a daƙiƙa, saboda haka a dogon layi na can baya ba ya jin bugun ganga lokaci ɗaya da na gaba, kuma a fili iska da amsa-kuwwa na ruɗa kunne. Shi ya sa masu busa ke bin sanda da ido. Bayan wannan akwai aikin da ba a gani, na zama da fensir a rubuta wa kowane abin busa nasa layin, da na atisaye kullum da samarin da wasunsu ba su taɓa riƙe abin busa ba kafin su shiga aiki.

Yanzu mu koma 1978. Tun ranar samun ƴancin kai a 1960 Najeriya na amfani da taken da wasu Turawa mata biyu suka yi, Lillian Jean Williams ta rubuta, Frances Berda ta yi kiɗan. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ga ya kamata a samu na ƴan ƙasa. Aka buɗe gasa, aka tsinto baitoci daga rubutun mutum biyar aka haɗa su wuri guda. Ku duba wahalar da ke nan: kalmomi daga hannu biyar, kowa da numfashinsa, a ce ka ɗinke su da kari ɗaya wanda ɗan firamare zai iya rerawa, soja kuma ya iya ƙamewa a kansa. Wannan aikin aka miƙa wa Odiase da ƴan badujalarsa. Abin da ya fitar gajere ne, ba shi da hawan da zai shaƙe maƙogwaro, kuma a ganina wannan sauƙin ne ya sa ya zauna a bakin mutane.

Da wannan kiɗa Obasanjo ya miƙa wa Shehu Shagari mulki a 1979. Da shi aka ɗaga kofin Afirka a Legas a 1980. Ya wuce juyin mulki bayan juyin mulki ba wanda ya taɓa shi. Wurin da ya fi burge ni shi ne Atlanta a 1996, inda Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle: ƴar sanda ce ita ma, ta tsaya a kan dandamali ana busa mata kiɗan da ɗan sanda ya tsara. Baiti na biyu na taken addu'a ne tsantsa, kuma daga baya gwamnati ta mai da shi addu'ar buɗe tarukanta, don kada a tsaya jayayyar wa zai fara tsakanin liman da fasto.

Shi kuwa mai kiɗan, sai a 2001 aka ba shi lambar girma ta MON, shekara 23 bayan aikin, yana cikin ritaya. Ya rasu a watan Yuni 2013, ƴan watanni bayan Super Eagles sun sake cin kofin Afirka a Afirka ta Kudu.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Ranar 29 ga Mayu 2024 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da majalisa ta zartar cikin ƴan kwanaki, aka ajiye taken Odiase aka dawo da na 1960. Mu nan abin ya zo mana wani iri, domin wata goma sha ɗaya kafin nan, a Yuni 2023, majalisarmu ta yi akasin haka: ta ajiye La Nigérienne ta 1961, wadda Faransawa uku suka yi, Maurice Thiriet a rubutu, Robert Jacquet da Nicolas Frionnet a kiɗa, ta ɗauko L'Honneur de la Patrie. Maƙwabta biyu, kogi ɗaya tsakani, ɗaya ta bar na Turawa, ɗaya ta koma gare shi. Ban zo yanke wa ƴan Najeriya hukunci ba, ƙasarsu ce, kuma su kansu sun yi ta muhawara a kai. Amma ina tunanin yaran Damasak da Malam Fatori da rikici ya koro mana nan, waɗanda suka fara makaranta da taken Odiase, suka shiga lakwal ɗinmu suka haddace La Nigérienne. Yau duka biyun da suka iya ba a rera ko ɗaya a gindin tuta.

Akwai dattawa a Diffa, Maine da Gigimi da suka busa begila ko suka buga ganga a bariki, akwai waɗanda suka horar da ƴan samariya da ƴan lakwal don bukukuwan 18 ga Disamba, akwai masu jagorantar mawaƙa a coci, da masu ja wa ɗalibai baki a waƙoƙin maulidi. Wanda ke da irin wannan dattijo a gidansu ko a unguwarsu, ya nemi izininsa sannan ya sanar da mu. Zan zo da na'urata in zauna da shi, in Allah ya yarda, mu ɗauki labarinsa daga bakinsa.