Asalin Gidajenmu na Yawunde da Sawun Ingila



In ka tambayi dattijo a Birikiteri ko Etudi daga ina kakansa ya fito, amsar ba ta wuce kalma guda: Kano, ko Zazzau, ko Katsina. In ka ƙara da cewa yaushe, sai ya ce tun zamanin Jamus, ko kuwa shekarar da Nasara suka ci Kano. A nan mai neman asali yake gane cewa ko da yake Jamus da Faransa ne suka mulki Yawunde, ba zai iya jera tarihin gidansu ba sai ya san abin da Ingila ta aikata a ƙasar Hausa.

Fatake ne suka fara buɗe hanya. Sun biyo ta Yola da Banyo da Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da roba da goro, har suka iske sansanin da Jamusawa suka kafa a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Waɗannan ciniki ne ya kawo su. Amma na bayansu da yawa koro su aka yi. Rundunar Lugga ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Jama'a suka watse, wasu suka nufi gabas da niyyar Makka, guzuri ya ƙare wa wasu a Adamawa, daga nan fatauci ya gangaro da 'ya'yansu kudu. Saboda haka duk gidan da aka ce kakansu ya fito "bayan Burmi", an riga an sami shekarar da za a ɗora lissafi a kanta.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika son buɗewa ba. Turawan Ingila sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, suka rufe kasuwannin bayi. A shekarun da suka biyo baya bayi masu yawa sun bar gidajen iyayengijinsu. Wanda ya isa baƙon gari ba mai tambayarsa takarda, sunan garin da ya baro shi ne ya zama asalinsa. Ina ganin rashin adalci ne mai bincike ya tono irin wannan don ya ci zarafin wani gida, musamman lokacin neman aure, kamar yadda rashin gaskiya ne ya goge shi ya liƙa wa kakansa sarautar da bai taɓa riƙewa ba. Mutumin da ya taka daga Kano zuwa Yawunde da ƙafa ya kafa zuriya ba ya bukatar rawanin aro.

Sai sojoji. A Yaƙin Duniya na Farko dakarun Ingila da Faransa suka kama Duwala a Satumba 1914, Garwa ta faɗi a Yuni 1915, sojojin Ingila suka shigo Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Da yawa daga cikin masu ɗauke da bindigogin da masu dakon kayansu 'yan Arewacin Najeriya ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Matsalar rajistar soja ita ce suna: akawu yakan rubuta Musa Kano ko Audu Zariya, ba sunan uba, kuma ba duk wanda aka rubuta Bahaushe ne Bahaushe ba. Ba za a dogara da ita kaɗai ba sai an haɗa da tsagar fuska, da kirarin gida, da sunan unguwar da tsofaffi mata suke ambata. Su ne ma'ajiyar nasaba, ko da yake maza ne ake fara tambaya.

Bayan yaƙin aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, yankin arewa na hannun Ingila ya zaɓi Najeriya, na kudu ya zaɓi Kamaru. Shi ya sa za ka ga wa a Mubi, ƙane a Garwa, uba ɗaya, ƙasa biyu.

Takardun ma haka suka rarrabu. Na Jamus da Faransa suna ma'ajiyar tarihi ta Yawunde, na yankin Ingila suna Buya, na lardunan Arewa suna Kaduna, wasu kuma suna Kew a Landan. Amma kafin a yi kuɗin mota, a fara buɗe gafakar kaka. Malamanmu sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi, da shekarar Hijira. Wanda ya ga 1321 ya sani yana cikin shekarar Burmi. A ɗauki hoton shafin da waya kafin gara da damina su riga mu, a kuma zauna da tsohuwar gida a rubuta sunayen da ta faɗa yadda ta faɗe su, har da laƙabi.